Saniyar yumɓu da saniyar ƙarfe: ina hannunmu na yarinta ya tafi?

Mai Walda na Bakaro:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta kwana biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai manya da malamai a cikinmu.

Karatun zane da sassaƙa na yi, amma da na dawo gida Bauchi abin da ya riƙe ni shi ne walda: ƙofa, taga, gadon ƙarfe, ƙafar tankin ruwa. Shekara tara ke nan. Wata Juma'a cikin daminar nan, bayan an ɗauke ruwa, 'yata mai shekara shida ta shigo da saniyar yumɓu a tafin hannunta. Tozon ya fi kan girma, ƙafafun gajeru kamar na kujerar tsuguno, ƙaho kuwa ƙayar aduwa biyu ta soka. Babu ido, babu baki. Amma wallahi ko daga zaure ka hango ta ka san saniyar Fulani ce ta ƙoshi ta tsaya a inuwa tana tuƙa.

Na daɗe ina juya ta a hannu. Duk shekarun da aka yi ana koya mini auna tsawon ƙafa da faɗin ƙirji, ban taɓa yin abin da ya kama saniya kamar wannan ba. Ita ba ta auna komai ba. Abin da ya fi cika mata ido a jikin saniya shi ta girmama, sauran ta kyale.

Washegari na je wurin 'yan gwangwan na tsinto tsohon tankin babur, da sarƙar keke, da karyayyen shebur, da guntayen rodi. Sati uku ina haɗawa bayan na tashi aiki. Girmanta bai wuce na ɗan maraƙi ba. Na ɗora wuyan a kan sifirin na ɗaura igiya, in ka ja sai ta sunkuya kamar za ta sha ruwa. Na ajiye ta a ƙofar shago. Yara sun hana ni sakat, layi suke yi don su ja igiyar. Manya kuwa, wani ya ce gunki na kafa a bakin titi, wani ya ce na ɓata ƙarfen da zai yi taga biyu, wani ya tsaya da mota ya tambayi kuɗinta.

Tambayata: kusan duk wanda ke nan ya yi irin abin da 'yata ta yi. Me ya sa da mun kai shekara goma sai mu watsar, har mu riƙa jin kunyarsa? Kuma babban mutum da ya koma masa, laifi ya yi ko sana'a?

Goggon Yara ta Kobi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka tayar mini da tsohon tsumi. Mu a zamaninmu babu wadda aka saya wa 'yar tsana. Bayan Babbar Sallah ake samun ƙashin ƙafar rago, mu kankare shi da yashi har ya yi fari tas. Wadda ba ta samu ƙashi ba sai ta yanki kara. Mu roƙi tela ƙyalle, mu ɗaura mata zane, mu yi mata kitso da baƙin zare, mu zuba mata tsakiya a ƙugu. Akwatin ashana shi ne akwatin lefe, murfin kwalba shi ne tasa, gwangwanin tumatir tukunya.

Kuma biki muke yi na sosai. A kai kuɗin gaisuwa da fasassun tangaran, a sa lalle, a yi tuwon ƙasa da miyar ganyen dalbejiya, a kai amarya da guɗa. Bayan kwana biyu ta haihu, a yi suna. Har faɗan kishiya muna shiryawa, don abin da muke gani a gida shi muke maimaitawa.

Abin da ka faɗa na rashin ido da baki shi ya fi taɓa ni. Tawa ba ta da fuska ko kaɗan, amma na san ranar da take fushi, na san ranar da zazzaɓi ya kama ta. Ni nake sa mata fuskar da nake so a raina. Jikata an sayo mata ta roba mai gashin zinariya da shuɗin ido, kullum tana murmushi iri ɗaya. Kwana huɗu ta yi da ita ta cire mata hannu ta jefar a bayan randa. Ba ta bar wa yarinyar aikin komai ba, an riga an gama mata.

Ɗan Azare:
Goggo ku kuna biki, mu muna can muna haɗa mota. Ta kara ita ce ta farko: ka fere ɓawon ya zama ƙusa, totuwa ta zama katako. In ka ƙware sai ka koma ta langalanga, ka yanka tsohon silifa ya zama taya, ka sa doguwar waya ta zama sitiyari kana tuƙawa a tsaye. Akwai wani yaro a layinmu da tipar da ya yi har juye yashi take yi. Mahaifinsa ya sha taka ta da ƙafa, wai ya hana kansa karatu. Yau shi ne bakaniken da manyan motoci ke jira a layi.

Ɗalibin Zariya:
Yaya Mai Walda, abin da ka yi yana da dangi a duniya, kuma manya ne.

Akwai Ba'amurke Alexander Calder. Yana da shekara 11, a 1909, ya yanka faifan tagulla ya lanƙwasa ya yi wa iyayensa kare da agwagwa, agwagwar in ka taɓa ta sai ta yi ta rangaji. Ya girma ya yi karatun injiniya. Da ya je Faris a 1926 sai ya koma wa wancan hannun: ya ɗauki waya da toshiyar kwalba da ƙyalle ya haɗa irin filin wasan nan na Turawa mai zaki da giwa da masu tafiya kan igiya, duka ƙanana. Yana durƙusawa a ƙasa yana ja musu zare, manyan masu zane na zaune suna kallo. Har 1931 yana ƙara su, sai da suka cika akwati biyar. Daga nan ya gano sassaƙar da ake ratayewa iska na juya ta, wadda ta yi masa suna. Waɗancan 'yan wayar suna gidan tarihin Whitney a Niyok yanzu.

Paul Klee kuma, wani shahararren mai zane na Turai, tsakanin 1916 da 1925, ya yi wa ɗansa Felix 'yan tsanan da ake zura hannu a ciki kusan 50, guda 30 sun rage ana adana su a birnin Ban na Siwizalan. Goggo, ki ji kayan da ya yi amfani da su: ƙashin sa, ɓawon 'ya'yan itace, tsohon buroshi, soket na lantarki. Ƙashin da kike kankarewa da yashi, shi ma shi ya ɗauka.

Picasso, shahararren mai zanen nan ɗan Sifen, a 1951 ya ɗauki motocin wasa biyu na ɗansa Claude ya kifa ɗaya a kan ɗaya suka zama kan gwaggon biri, gilashin gaban motar ya zama wurin idanu, tulu ya zama ciki, sifirin mota ya zama wutsiya.

Ɗan Jekadafari, Gombe:
Ni fa abin da ke damuna ke nan da 'yan boko. Sai an ambaci Bature uku kafin a yarda cewa abin da Goggo ta yi da hannunta yana da daraja? Ko Calder bai taɓa zuwa duniya ba, tipar yaron Azare tana juye yashi. Kuma ƙanena ka tsallake babbar tambayar. Mutumin da ya ce gunki ne ba mahaukaci ba ne, akwai abin da ya ji a wurin malamai. A fara warware wannan tukuna.

Ɗalibin Zariya:
Gaskiyarka Yaya, ban kawo su don su ba mu izini ba. Na kawo su ne don a ga bambanci ɗaya: su da suka girma ba su ji kunyar komawa ba, mu muka ji. Maganar hukunci kuwa ba fagena ba ne, ga Malam nan.

Almajirin Malam na Jahun:
Bismillah. Zan faɗi abin da na karanta a gaban malamaina, wanda ya fi ni sani ya gyara.

Hausa tana da kalmomi uku da muke cakuɗawa: gunki, mutum-mutumi, da 'yar tsana. Gunki abin bauta ne, babu saɓani a kansa. 'Yar tsana kuwa akwai nassi. Bukhari da Muslim sun ruwaito Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙawayenta na zuwa suna taya ta. Abu Dawud ya kawo cewa da ya dawo daga Tabuka ko Haibara, iska ta ɗaga labule ya ga 'yan tsananta, a cikinsu akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta doki da fukafukai, ta ce bai ji cewa Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har ta ga turamen haƙoransa. Ku duba fa, ba doki kawai ta yi ba, dokin da babu irinsa a garke ta yi, kuma ba a tsawata mata ba. Haka Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ce sukan yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura don su shagala har a sha ruwa. Alƙali Iyad, mai Ashafa, yana cikin waɗanda suka ce an keɓe wasan 'yan mata daga hanin, duk da akwai malaman da suka ce an shafe wannan rangwame daga baya.

To amma babba ya ƙera surar abu mai rai, wannan wata magana ce, kuma hadisan gargaɗi a kanta masu tsanani ne. A Malikiyya haramcin yana tabbata in surar ta abu mai rai ce, tana da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. In aka rasa gaɓar da ba a rayuwa sai da ita, kamar kai, hukuncin ya sauka daga haramci. Wani mai wannan sana'a ya zo wa Ibn Abbas yana cewa da ita yake ci, ya gargaɗe shi, sannan ya ce masa in ba makawa ya yi bishiya da duk abin da ba shi da rai. Bai ce masa ya yar da kayan aikinsa ba, hanya ya nuna masa.

Mai Walda na Bakaro:
Allah ya gafarta Malam, na gode. To tawa fa? Ni ba yaro ba ne, kuma tana da kai, bakin shebur ne na lanƙwasa, ko da yake ban yi mata ido ba. Yara ne ke wasa da ita, amma ba zan ɓoye ba, don kaina na yi ta. Ba na so in ci abinci da abin da zai zame mini nauyi gobe.

Abu Ammar, Yelwa:
Ɗan'uwa, shawarata ka yanka ta ka yi tagoginka. An ce ka bar abin da ke sa ka kokwanto zuwa wanda ba ya sa ka. Mutanen Annabi Nuhu ma da tunawa da salihan bayi suka fara. Yau saniya ce a ƙofar shago, gobe wani ya ce ka yi masa surar mahaifinsa ya kafa a falo, kuma da kuɗin da zai yi maka wuya ka ƙi.

Almajirin Malam na Jahun:
Tsoron da Abu Ammar ya faɗa ba na banza ba ne, kuma wanda ya bar abin gaba ɗaya don tsantseni ba a zarginsa. Sai dai kada mu haramta abin da ba a haramta ba. Akwai hadisin da Jibrilu ya ce a cire kan mutum-mutumin da ke gidan ya koma kamar bishiya. Mai Walda, rashin ido kaɗai ba shi ne rashin kai ba. Ka ɗauki hotonta ka kai wa malamin da kake karatu a wurinsa ya gani da idonsa. Fatawa a kan abin da ba a gani ba tana da haɗari.

Malamar Aji Uku:
Ni ta wani gefen zan shigo, don tambayar farko ba a amsa ta ba: a ina hannun yake mutuwa? Ina ganinsa yana mutuwa a gabana kowace shekara, kuma ba malaman addini ke kashe shi ba.

Akwai darasin al'adu da fasaha a manhajar firamare. A makarantar da nake koyarwa a allo ake yin sa. In rubuta ma'anar ginin tukwane, yara su kwafa, a yi jarrabawa, wanda bai taɓa taɓa yumɓu ba ya ci maki tamanin. Aikin hannu na ƙarshen zango da muka sani, wanda yaro zai saƙa faifai ko ya ɗaure tsintsiya, ya koma a kawo kuɗi ko sabulu. Bara na ce kowa ya zo da abin da ya yi da hannunsa. Fiye da rabin ajin kasuwa aka je aka sayo musu. Wani yaro da ke zama a baya, wanda har yanzu karatu ke ba shi wuya, ya zo da Keke Napep na kwali da waya, har da labulen gefe da direba a ciki. Ranar ce kaɗai na ga 'yan ajin sun kewaye shi. Da na kira mahaifiyarsa in yaba, kafin in buɗe baki ta fara ba ni haƙuri, ta ɗauka ƙara zan kai.

Na yi kuka a ranar bayan ta tafi. Yaron nan an riga an koya masa cewa abu ɗaya da ya fi kowa iyawa abin ba da haƙuri ne.

Baba na Misau:
Malama, Allah ya saka miki. Bari tsoho ya ƙara muku wani abu da na ga babu wanda ya ambata. Da can manya ma suna wannan wasa, kuma da shi suke ci. Ina yaro wani mutum yakan zo daga wajen Barno ranar kasuwa. Sai ya kafa sanda, ya baza babbar rigarsa a kai ta zama kamar laima, ya shige ciki. Ta wuyan rigar 'yan tsana ke leƙowa, ya zura su a hannu. Akwai abin da yake sawa a baki muryarsa ta koma siririya kamar ta tsuntsu, makaɗinsa na waje yana tambaya yana fassara mana. Dabo-dabo muke ce masa, Barebari na cewa dogodogo. Yakan fito da budurwa mai yanga, da ɓarawo, da mai kuɗin da ba ya kyauta, kasuwa ta yi ta dariya don kowa ya san da wa ake. Rabona da ganin irinsa na fi shekara hamsin.

Mu kuma da muka ga haka sai muka yi tamu da dare. Mu yanka mutane da dawakai a kwali, mu manna a tsinken tsintsiya, mu ɗaura farin zane a zaure, mu sa fitilar ƙwai a baya. Kuɗin shiga gyaɗa ce ko dabino. Ga tashe in azumi ya kai goma: gemun auduga, cikin tsumma, dokin kara. Duk yaron da ya yi tashe ya san yadda ake sa tsumma ya zama mutum.

Ɗan Bautar Ƙasa:
Baba, irin wannan bai mutu ko'ina ba. A Binuwai na yi hidimar ƙasa, na ga Kwagh-hir na Tibi da idona. Da dare ake yi, gari ya taru. Ana turo wani akwati babba da aka lulluɓe, mutane na ɓoye a ciki suna jan igiyoyi, a samansa mutanen itace suna aiki: wannan na saran icce, waccan na daka, ga dabbobi manya na rafiya suna zagaye fili. Mai ba da labari na gefe, mawaƙa na amsawa, ƙauye da ƙauye har gasa suke yi. A 2019 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Abin da ya tsaya mini a rai, masassaƙin da ya yi su dattijo ne da ake girmamawa, ba wanda ke ce masa ya girma da wasa.

Ɗalibin Zariya:
Maganar Baba ta kai ni inda nake so in je. Abin da ya raba 'yar tsana da sassaƙar da aka saba ita ce igiyar nan da Yaya ya ɗaura. Mutum-mutumin shataletale yana tsaye ne ka kalle shi ka wuce. 'Yar tsana ba ta cika sai da hannun wani. Shi ya sa masu sassaƙar zamani da yawa suke komawa gare ta.

Sokari Douglas Camp, haifaffiyar Buguma a jihar Ribas, walda take yi kamar Yaya, a Landan. Dodannin Kalabari da ta gani tana yarinya su take ƙerawa da ƙarfe, wasu ta sa musu inji suna motsi. A 2021 wani kamfanin 'yan tsana na Afirka ta Kudu, Handspring, ya ƙera ƙatuwar 'yar tsana mai suna Amal, tsayinta mita uku da rabi, a matsayin 'yar gudun hijirar Siriya. Mutum na cikinta a kan dogayen sanduna, wasu na riƙe da hannayenta. Aka taka da ita daga Gaziyantef a Turkiyya har Mancesta a Ingila, kusan kilomita 8,000, garuruwa na fitowa tarbarta. Mutanen da suka gaji da jin labarin 'yan gudun hijira a rediyo sun tsaya a titi suna miƙa wa kara da ƙyalle hannu.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Peju Alatise, mai sassaƙa 'yar Nijeriya. A baje kolin zane da sassaƙa na Benis a Italiya a 2017, shekarar da Nijeriya ta fara samun rumfarta a wannan baje kolin, ta kafa surorin 'yan mata takwas masu fukafukai sun yi da'ira, tsuntsaye na tashi a samansu. Labarin wata ƙaramar 'yar aiki ce a Legas wadda in ta kwanta take mafarkin tana tashi sama. Duk wanda ya ga yaran da ake kwasowa daga ƙauyukanmu a kai su aikatau ya san wannan yarinyar.

Alhaji na Kasuwar Wunti:
Duk na ji. Amma ku gaya mini wa zai saya a Bauchi? Sandar walda ta yi tsada, wuta ba ta zama, man janareto kun san yadda yake. Mutumin da ya tsaya da mota ya tambayi kuɗi, ya saya? Yaron nan yana da iyali. Masu Benis da Landan suna da masu saye a can. Kada mu zuga shi ya bar ƙofa da taga ya zo yana neman bashi.

Mai Walda na Bakaro:
Ranka ya daɗe, bai saya ba, kuma ba zan bar ƙofa da taga ba. Amma ka san tun da na ajiye ta mutum uku suka kawo mini aikin get, suka ce sun ga hannuna ne a jikinta. Ɗaya ma cewa ya yi in yi masa get ɗin da babu irinsa a layinsu.

'Yar Kaltungo:
Alhaji, El Anatsui masassaƙi ne ɗan Gana da ya koyar a jami'ar Nsukka daga 1975 zuwa 2011. Murafun kwalaben giya yake tarawa, matasa na taya shi bubbugewa da ɗinkewa da wayar tagulla, su zama wani ƙaton mayafi mai sheƙi da ke rufe bango guda. Manyan gidajen tarihin duniya na rububinsa. Babu kai, babu ƙafa, babu surar komai mai rai, ko Abu Ammar ba zai ce uffan ba in aka yi da murfin lemo. Kuma wane yaro ne a cikinmu bai tara murfin kwalba a aljihu ba?

Sannan ƙasar nan tamu ba baƙuwar yumɓu ba ce. A kudancin Gombe, mutanen Cham da Longuda sun daɗe suna gina ƙananan tukwane masu siffar mutum don neman waraka. Wannan kam al'adar bauta ce, ban kawo ta don a koma mata ba, na kawo ta ne don a san hannun ya daɗe a nan. A gefen Musulunci kuma ku je Kafin Madaki ku ga ginin da ake danganta wa Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Ƙasa ce da azara, amma ku ɗaga kai ku ga yadda ya lanƙwasa bakan gizo. Magini ne da bai daina wasa da laka ba har ya tsufa.

Malam ya ce kalmomi uku ne. Ga abin da zai ƙara masa hujja: kan yumɓun Nok, tsohuwar fasahar nan ta kudancin Kaduna, da aka kai wa Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg a 1943, wanda ya sa aka gane tsufan wannan fasaha, a gonar doya aka same shi an kafa a kan mutum-mutumi yana korar dabbobi. Abu ɗaya, wani ya gina shi da wata niyya shekaru dubu biyu da suka wuce, wani ma'aikacin haƙar kuza ya mai da shi mai gadin gona, yau yana cikin gilashi.

Abu Ammar, Yelwa:
Na murfin kwalba da na gini ba ni da ja. Inda na tsaya shi ne mai rai.

Mai Walda na Bakaro:
Jama'a na dawo. Jiya bayan la'asar na kai wa malaminmu hoton, ya ce in kai shi ya gani. Ya zagaya ta sau biyu, ya ja igiyar da kansa, sannan ya ce in cire kan. Da safe na sa injin yanka na cire shebur ɗin. Ƙahonin biyu na mayar na liƙa su kai tsaye a bakin sifirin, babu komai a tsakaninsu sai iska.

Na yi zaton ta lalace. Da yaran suka taso daga makaranta suka zo suka ja igiya, ƙahonin suka sunkuya, wani ƙarami ya ce saniya tana shan ruwa. Babu wanda ya tambayi ina kan. Tozo da ƙaho sun ishe su, kamar yadda suka ishi 'yata. A idona ma ta fi kyau yanzu.

Ta yumɓun kuwa rana ta fasa ta tun tuni. Na so in liƙa ta in ajiye, yarinyar ta ce in bari, gobe za ta yi wata da ɗan maraƙinta.

Malama, in iyayen yaron mai Keke Napep sun yarda, a kawo mini shi ranar Alhamis da yamma tunda babu makarantar allo. Ba zai taɓa wuta ba, waya da filaya zan ba shi.

Malamar Aji Uku:
Zan je gidansu da kaina gobe in sha Allahu. Akwai wasu biyu mata da nake so su zo, amma ba shagon walda ba.

Goggon Yara ta Kobi:
Ki kawo mini su gida, Malama. Zaurena babu kowa da yamma. Ɗan Azare, in an yi girbi ka aiko mana da damin karan dawa, masu kauri, ba na gero ba, na gero saurin karyewa yake. Ƙyalle ina da buhu guda a ƙarƙashin gado. Zare kawai za a sayo, baƙi da ja.